BIRKI BA YA MUTUWA SAI YA YI KUKA

 Na san da yawanku kuna jiran ci gaban maganar da muka faro a kan lefe da kayan ɗaki, to ku yi mini afuwa, yau ba can muka nufa ba. Yau gareji za mu je. E, gareji na ce, wurin baƙin mai da sufana. Kada wadda ta yamutsa fuska ta juya shafi, don wallahi maganar nan ta fi akwati goma sha biyu kusa da ranki.

Bari in fara da tona mana asiri, mu marubuta. Babu wanda ya kai mu kashe mutane da birki. A littafina na biyu, da na rasa yadda zan yi da iyayen yarinyar don ta zama marainiya ta faɗa hannun matar kawunta, sai kawai na zuba su a mota, na hau da su hanyar Zariya zuwa Kano, na rubuta cewa birki ya ƙwace. Layi ɗaya tal, na gama da mutum biyu. Yayana bakanike ne, a Zariya ya koyi aikin. Da ya karanta ya zo wurin nan sai ya ajiye littafin ya dube ni ya ce, "Ke kuwa birkin nan naki aljanu ne suka shafe shi? Haka kawai da rana tsaka ya ƙwace, bai yi ƙara ba, bai yi yoyo ba?" Na ce, "Yaya ai labari ne." Ya ce, "To birkin gaskiya ba ya mutuwa sai ya yi kuka, masu motar ne ba sa saurara." Na murguɗa baki na ɗauke littafina. Ashe ina da rabon gani da idona.

Bara waccan, lokacin da rake ya cika kasuwa, aka yi bikin 'yar kawuna. Daga nan Janfalan za mu kai ta wani ƙauye a ƙasar Kudan. Mota uku aka ɗauko, ni na faɗa wata Golf ta haya. Kun dai san lodin kai amarya: huɗu a baya kowacce da yaro a cinya, mu biyu a gaba ni da Goggo, but kuwa an danƙare shi da kayan gara har ba ya rufuwa sai da igiya. Tun kafin mu bar gari na lura duk sa'ad da direban zai tsaya sai ya taka birki sau biyu, sau uku, kamar mai taka keken ɗinki. Ga wata ƙara gurrr daga ƙarƙashin ƙafafunmu, kamar ana jan tukunya a kan siminti. Maganar Yaya ta faɗo mini. Na raɗa wa Goggo na ce, "Goggo, anya birkin motar nan lafiya?" Ta zungure ni ta ce, "Ke rufe mana baki, kada ki yi mana mugun fata ranar farin ciki." Na ja bakina na yi shiru, aka ci gaba da guɗa.

Mun wuce Makarfi ke nan da kaɗan sai ga wata akori-kura da aka yi wa lodin rake ta sako kai titi. Direbanmu ya taka birki, ina kallon ƙafarsa, ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Ya ƙara takawa, shiru. Salati kawai nake ji. Ya karkatar da sitiyari muka gangara gefen hanya, motar ta daki bakin kwalbati ta kwanta a kan haƙarƙarinta. Allah ya sa da sauran shan ruwanmu, ba a rasa rai ba. Amma Goggo ta karye a hannun dama, wata ƙanwar amarya 'yar aji uku a sakandare ta rasa haƙoranta biyu na gaba. Amarya kuwa da kuka na gaske ta shiga ɗakinta, ba irin na al'ada ba.

Kowa ya zo jaje sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba. Amma washegari da Yaya ya je duba motar na bi shi. Ya ɗaga bonet, ya buɗe 'yar robar da ake zuba man birki, ya tsoma tsinke ya ɗago. Kumfa! Ashe man ya daɗe yana yoyo ta tayar baya, direban kuwa maimakon ya gyara sai ya riƙa cikawa da ruwan omo. Na gaba kuma da aka cire taya, abin da ke kama birkin ya cinye sarai, ƙarfe ke cin ƙarfe. Ƙarar da na ji ke nan. Motar nan ta yi makonni tana kuka, mu goma sha ɗaya muka shige ta muna guɗa.

Tun daga ranar na ce sai Yaya ya koya mini, a kan Golf ɗin Baba. Abin da na koya shi zan ba ku yau, don ba wani boyayyen ilimi ba ne.

Kin san sirinji na allura? Ki ɗauki biyu ki haɗa bakinsu da siririn tiyo, ki cika da ruwa. In kika danna wannan, wancan zai turo waje. To birki ke nan. Idan direba ya taka, yana danna wani babban sirinji ne da makanikai ke kira masta, shi kuma ya tura mai ta cikin siraran bututu zuwa tayoyi huɗu. A tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da wasu 'yan fale-fale guda biyu da ake kira fad, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Man nan ne ke sa su matse faifan, kamar yadda za ki sa yatsu biyu ki tsayar da murfin kwano yana juyawa. Gidan da ke riƙe da fad ɗin shi ne kalifa. A tayar baya kuwa, a irin Golf 3 da suka cika tashoshinmu, yawanci ganga ce ta ƙarfe, da takalma biyu a cikinta da ke buɗewa su tokare ta daga ciki.

Sirrin duka ɗaya ne: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa ruwa a cikin birki kisan kai ne. Birki wuta yake yi in ana aiki da shi, balle ga lodi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, mai lamba DOT 4 kuma 230. Da ruwan ya tafasa ya zama tururi, ƙafar direba sai ta tafi ƙasa tana matsa iska, tayoyi ba su san ana yi ba. Ban da tsatsar da yake sa wa bututu daga ciki. Kuma ko man gaskiya ne, yana da halin shan danshin iska a hankali, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar a sake sabo duk shekara 2. Baba ya shekara shida da motarsa bai taɓa jin wannan ba, kuma na tabbata ba shi kaɗai ba ne.

To yanzu abin da za ki iya dubawa da kanki, ko hannunki da lalle. Da safe kafin a ta da mota, ki sa a ɗaga miki bonet. Can ta wajen direba, kusa da gilashi, za ki ga 'yar farar roba mai alama biyu a jikinta, MAX a sama, MIN a ƙasa. Man ya kamata ya tsaya tsakaninsu, kuma launinsa ya yi kama da man gyaɗa mai kyau. In ya koma kamar baƙin shayi, ya tsufa. In kuwa ya sauka ƙasa, a nan mutane ke kuskure, sai a sayo a ƙara a tafi. Man birki ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. In ya ragu, ɗayan biyu ne: ko fad sun siɗe, man ya gangara ya cike gurbin, ko kuwa akwai inda yake zuba. Sai ki durƙusa ki leƙa bayan kowace taya. In kika ga jiƙa mai santsi a cikin taya ko a ƙasan ganga, ko tiyon robar da ke shiga kalifa ya tsattsage ko ya kumbura, to motar nan ba ta fita sai gareji. Kada a kuskura a zuba man inji a wurin, yana kumbura robobin ciki ya lalata su gaba ɗaya. Ki kuma kiyaye kada man birki ya ɗiga a fentin mota, yana cin sa.

Daga nan ki shiga ki zauna a kujerar direba. Ba sai kin iya tuƙi ba. Ki taka birki da ƙarfi ki riƙe, ki ƙirga har talatin. Kyakkyawan birki zai tsaya cak a inda ya tsaya. In kika ji yana nutsewa a hankali yana tafiya ƙasa, alhali ba ki ga yoyo a waje ba, to robobin cikin masta ne suka gaji. In kuma kika ji shi laushi tuɓus kamar kin taka soso, sai an ninka takawa yake ɗagowa, galibi iska ce ta shiga, kuma iska ba ta shiga banza, sai a nemo ƙofar da ta bi. Akwai kuma wani baƙin abu mai kama da tukunya a bayan masta, shi ke taimaka wa ƙafa da ƙarfin inji. Gwajinsa sauƙi gare shi: mota a kashe ki taka sau biyar har birkin ya yi tauri, ki riƙe, a ta da inji. In ƙafarki ta ɗan sauka, lafiyarsa lau. In ta tsaya kamar kin taka dutse, a fara duba tiyonsa kafin a ce a sayo sabo, don sau da yawa tiyon ne kawai ya huje.

Kun ga inda amfanin yake? Kowane ɓangare da irin kukansa. Wadda ta san kukan ba za a ce mata "Hajiya sai an sake komai" ta zare kuɗi ta bayar ba, kuma ba za a ce mata "ba komai, lallaɓa kawai" ta yarda ba. Na biyun nan ya fi na farko yawa a garejinmu, kuma shi ya fi kisa.

Maganar fad ita ce ta fi kowacce zuwa, don su aka yi domin su cinye. Sabo yana da kaurin nama kamar milimita 10 zuwa 12, wato kusan kaurin ƙaramin yatsanki. In ya sauko milimita 3, bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, lokacinsa ya yi. Wasu an sa musu ɗan ƙarfe da ke fara ƙiii siririya in sun kusa ƙarewa, wannan sallama ce. Gurrr ɗin da na ji ranar biki kuwa ba sallama ba ce, an riga an shigo ɗaki. Kuma ba a sake na taya ɗaya a bar ɗaya. Hagu da dama tare ake sakewa, in ba haka ba motar ta riƙa fizga gefe duk sa'ad da aka taka.

Faifan shi ne wurin gardama, don ya fi tsada. Ba duk sauyin fad ne ke buƙatar sabon faifai ba. Ki bari ya huce, ki shafa shi da farce. In sumul yake, a bar shi. In kuwa ya yi zurfafan layuka kamar kunyar gona, ko bakinsa ya yi tudu sosai, ko sitiyari na karkarwa in an taka birki a guje, to a auna shi. A jikin faifan akwai lamba da kamfani ya buga, mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. In ya gaza wannan lambar, babu batun a kai a goge, sabo za a saya, shi ma biyu. Ni dai ra'ayina, gara a ajiye mota mako biyu a tara kuɗin da a ɗora sabon fad a kan cinyayyen faifai, don wata uku ba za a yi ba an koma gidan jiya.

Akwai wani abu da Yaya ya nuna mini da ya burge ni. A tayar hagu ta motar Baba, fad ɗaya ya cinye, ɗan uwansa kuwa kamar jiya aka sa. Ya ce laifin ba na fad ba ne, ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu ne suka cije saboda ƙurar hanyoyinmu da ruwan damina. Wani bakaniken da sai ya ce a sayo kalifa. Shi kuwa ya zare su, ya wanke, ya shafa musu girishin da ya dace, ya sake 'yan robobin da suka yage, shi ke nan. Alamar wannan ciwon a hanya ita ce taya ɗaya ta fi sauran zafi, har da ƙauri.

Wajen saye, kowa ya san Ƙofar Ruwa a Kano da shagunan Sabon Garin Zariya, akwai sabo akwai na Beljiyam. Kalifa na Beljiyam mai lafiya ba laifi. Amma fad, da takalman ganga, da tiyo, da robobin masta, sabbi ake saye. Mai kuwa sai wanda ke cikin gwangwani ko gora a liƙe, ba wanda ake ɗurawa a tsohuwar kwalba a bakin titi ba. Araha ba ta ado, balle a nan. Kuma duk abin da aka ce an sake, ki ce a ba ki tsohon ki gani.

Ranar da na sake fad da hannuna, Inna ta leƙo zaure ta gan ni a tsugune da tsohuwar rigar Yaya, ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni 'yasu, wa zai auri bakanikiya?" Aikin kuwa bai kai dakan fura wuya ba. Mun tsayar da motar a wuri mai daidai, muka ja birkin hannu, muka tokare tayoyin baya da duwatsu. Muka sassauta notika tun tana ƙasa, sannan muka ɗaga da jak. Yaya ya tura tayar da muka cire ƙarƙashin motar, ya ce jak ba amana gare shi ba, ba a sa jiki ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Na kwance ƙusa biyu, na zare kalifa, ya sa na ɗaure shi da waya a sama don kada nauyinsa ya rataya a jikin tiyo. Na kai baki zan hure ƙurar, ya buge mini kai, ya ce da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, ƙurar birki muguwa ce ga huhu. Muka tura fistin ya koma ciki a hankali, muka zura sababbi, muka ɗaure. Abu na ƙarshe shi ne wanda in an manta ake kuka: kafin mota ta motsa, sai an taka birki sau da yawa har ya yi tauri, in ba haka ba takun farko babu abin da zai kama.

Amma kada ku ce na ce ku je ku kwance motar Baba ku kaɗai. Aikin farko sai da wanda ya iya a tsaye a kanki. Masta da cikin ganga da motoci masu ABS kuwa, na makanikai ne. Ko fitar da iska ma aikin mutum biyu ne, ni nawa kawai in zauna a ciki Yaya yana ƙasa yana cewa, "Taka, taka, riƙe!"

Wadda ta ce wannan harkar maza ce, ga labari. A watan Agusta na shekarar 1888, a ƙasar Jamus, wata mata mai suna Bertha Benz, matar Karl Benz wanda sunansa ke kan Marsandi har yau, ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera ta zuba 'ya'yanta maza biyu, ta tuƙa daga Mannheim zuwa garinsu Pforzheim, tafiyar sama da kilomita 100. Babu wanda ya taɓa yin doguwar tafiya haka da irin wannan motar kafin ita. Birkin motar na katako ne, da ta ga ya siɗe sai ta tsaya wurin wani baduku ta sa ya buga masa fata. Daga wannan dabarar ake lissafa asalin fad ɗin da muke magana. Sai dai fa ba ta gaya wa maigidan za ta tafi ba, takarda kawai ta bar masa. A wannan ɓangaren kam ban ce ku yi koyi da ita ba!

Na san yawancinku ba ku da mota, ta haya kuke shiga zuwa makaranta ko biki, ko ta saurayi in an zo zance. To a nan ma ilimin yake aiki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Ki dubi ƙafar direba, ki saurari ƙarƙashin mota, ki shinshina. Saurayin da ya wanke mota tana ƙyalli, ya fesa turare, amma in zai tsaya a ƙofar gidanku sai duk unguwa ta ji ƙara, ki tambaye shi yaushe rabonsa da gareji, ki kuma lura da yadda zai amsa miki. Idan kuma, Allah ya kiyaye, birki ya ƙi ci ana tafiya, abin da direba zai yi shi ne ya riƙa takawa da sauri-sauri, ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu a hankali ba fizga ba, kuma kada ya kashe inji.

Watan jiya na shiga wata mota a Tashar Yari zan dawo gida. Ba mu yi nisa ba na ga ƙafar direba tana keken ɗinkin nan. Gabana ya faɗi, kunya ta kama ni, don duk maza ne sai ni da wata tsohuwa. Na daure na ce, "Malam direba, don Allah sauke ni a nan." Ya ce lafiya? Na ce birkinka iska gare shi. Motar ta kwashe da dariya, wani ya ce 'yan boko dai ba su da dama. Direban ya hana ni ko sisi daga kuɗina. Na tsaya a rana kusan awa guda kafin na sami wata, na iso gida bayan la'asar Inna tana ta faɗa.

Da na ba Goggo labari, ba ta ce mini mugun fata ba wannan karon. Hannun nata har yanzu ba ya ɗaga tulu. Yanzu duk bikin da za a yi a danginmu, ita ce ke fita da mayafinta ta tsaya a kan direba ta ce, "Yaro, taka birkin nan ka riƙe in gani," sannan ta aiko a kira ni in leƙa robar mai.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan lefenmu.